Filin da Ruwa Ke Ara Mana

A Marwa, in damina ta tattara kayanta,
Mayo Kaliyawo kan bar mana gadonsa,
rairayi fari, shimfiɗe har gindin gada.
Nan nake kai yarana bayan la'asar,
in na rufe rumfar facin taya,
hannuna da sauran warin roba.

Shekarar farko da usur na zo,
sabo fil, da jar igiyarsa.
Na jera su kamar masu jiran awon gero,
ƙwallo ɗaya, yara goma sha tara.
Ka buga, ka koma baya. Ka buga, ka koma baya.
Ran nan Hamajoda ya yi mini lissafi:
"Koci, tun zuwanmu sau huɗu na taɓa ta."
Na ce ya zagaya fili, ladan tsaurin ido.
Ya zagaya. Washegari bai zo ba.
Kafin mako, sahun ya koma rabi.

Can na same su a inuwar gada,
ba usur, ba ni,
silifa biyu raga, tamaular tsumma,
uku da uku, ana ta gumurzu.
Abin da na yi wata biyu ina faɗa da baki,
ɗaga kai kafin ta iso ka,
ga Hamajoda na yi, ba wanda ya sa shi,
don in bai ɗaga ba Wangso zai ƙwace.
Na jingina da ginshiƙi, kunya ta rufe ni
har aka kira magariba.

Yanzu da dunduniya nake zana fili,
ƙanana huɗu, kowanne kamar tsakar gida.
Doka guda nake ajiyewa in koma gefe:
yau ba a ci sai kowa ya taɓa,
gobe raga huɗu ce, nemi wadda ba mai tsaro,
jibi ɓangare ɗaya ya fi yawa,
sauran su san dabarar zama da rashi.

Jenabu da ke kawo wa yayanta ruwa a galan
ta shiga ranar da aka rasa na shida.
Ba ta da gudu.
Amma ta san inda ƙwallo za ta faɗo
kamar an raɗa mata a kunne.
Ita ake fara zaɓa yanzu.

In sun yi kuskure harshena kan yi ƙaiƙayi.
Nakan cije shi, in tambaya:
"Sali, da ka riƙe ta, me ka gani?"
"Ban ga komai ba."
"To, ina Buba yake tsaye?"
Ya waiga, ya dafe goshi, ya yi dariya.
Shi ke nan.
Amsar da yaro ya tono da hannunsa
ba ta zubewa a hanyar gida.

Wani uba ya tare ni bisa babur:
"Wasa kawai suke, yaushe za ka fara koyarwa?"
Na ce, wa ya jera ka a sahu
ranar da ka iya ciniki a kasuwa?
Ya ja babur bai tanka ba.
Ran Asabar sai ga ƙwallo biyu a leda.

Ba mu ci kofi ba.
'Yan Domayo huɗu suka zuba mana.
Amma a hanyar dawowa gardama suke ta yi
kan wa ya bar tsakiya a buɗe,
ba wanda ya waiwayo ya tambaye ni.

Jiya hadari ya haɗo ta duwatsun Mandara.
Kwana kaɗan mayo zai karɓi abinsa,
ya shafe duk layin da na ja.
Kayan aro ne, ba ma jayayya.
Hamajoda ya gano fegi a bayan makaranta,
sai dai da darbejiya a tsakiyarsa.
Na ce wannan ai ba fili ba ne.
Ya ce, "Koci, mu sa ta cikin wasan mana,
duk wanda ya ba ta, za ta mayar masa."